Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Manhaja: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, wato babbar manhajar da ya fitar a watan Yuli na 2015, wadda kuma ta shekara goma tana tafiyar da miliyoyin kwamfutoci a duniya. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Duk wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta waɗanda kamfanin ya saba aikowa kowane wata ta intanet. Wannan al'amari ya shafi ɗalibai da malamai kai-tsaye, domin kuwa akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannunsu, da waɗanda ke ɗakunan kwamfuta na makarantu, na hannu ne, an yi amfani da su shekara da shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu.

Mai irin wannan na'ura yana da zaɓi huɗu. Ko ya ci gaba da zama a kan tsohuwar manhaja, ko ya tilasta wa na'urar ɗaukar Windows 11, ko ya jingine ta ya nemi kuɗin sabuwa, ko kuma ya ɗora mata wata manhaja ta zamani wadda ta dace da ƙarfinta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, zaɓi na huɗu ya fi sauran alheri ga mafi yawan ɗalibai da makarantu, kuma ya kamata aikin ya zama darasi a aji, kada a bar wa masu gyara na kasuwa su kaɗai.

Mece ce babbar manhaja?

Kwamfuta kashi biyu ce: akwai gangar jiki da ake iya taɓawa, akwai kuma manhajoji, wato jerin umarnin da ke gaya wa jikin abin da zai yi. A cikin jikin, abubuwa uku ne suka fi muhimmanci ga wannan bayani. Na farko shi ne firosesa, wanda ke yin dukkan lissafi. Na biyu shi ne ma'ajiyar wucin-gadi da ake kira RAM, wadda ta yi kama da teburin karatu: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon littattafan da za a iya bazawa a lokaci guda. Na uku shi ne faifan ajiya, wanda ya yi kama da kabad ɗin da ake mayar da littattafan idan an tashi.

Ita kuwa babbar manhaja, aikinta irin na hukumar makaranta ne. Ita ke tsara wanda zai yi amfani da firosesa da tsawon lokacin da zai yi, ita ke raba wa kowace ƙaramar manhaja gurbinta a RAM, ita ke kai saƙo tsakanin madannai da allo da firinta, ita ce kuma mai gadin ƙofar da ke kallon intanet. Windows da macOS da Linux da Android duk misalanta ne. Abin lura a nan shi ne, babbar manhaja ba a haɗe take da jikin na'ura ba. Ana iya goge wata a ɗora wata, kamar yadda ake sauya shugabanni ginin makaranta yana nan.

Haɗarin zama a kan manhajar da aka daina kulawa

Babbar manhaja tana ƙunshe da miliyoyin layukan umarni waɗanda 'yan Adam suka rubuta, saboda haka ba ta rasa kurakurai. Wasu daga cikin kurakuran nan kafofi ne da ɓarayin intanet ke bi su shiga na'ura. Idan aka gano kafa, kamfanin yakan aiko da faci ya toshe ta. To, ranar da aka daina aiko da faci, duk kafar da aka gano bayan nan za ta zauna a buɗe har abada. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a sassa da dama. Don haka idan aka fitar da facin wata kafa a sabuwar, tamkar an nuna wa ɓarawo inda zai duba ne a tsohuwar.

Tarihi ya riga ya nuna abin da kafa guda ke iya jawowa. A ranar 12 ga watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama, har aka soke ganin likita kimanin 19,000. Alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekarar aka fitar da facin kafar da ta bi. Na'urorin da ba su karɓi facin ba ne suka kamu. Ɗalibin da ke cike fom ɗin jarrabawa a kwamfutarsa, ko malamin da ke ajiye sakamakon ɗalibai yana kuma shiga asusunsa na banki, dukkansu suna da abin da za su yi asara.

Gaskiya ne cewa Microsoft ya buɗe shirin ƙarin wa'adi, na shekara guda ga masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026, da kuma na biyan kuɗi har tsawon shekara uku ga kamfanoni da makarantu, wanda farashinsa ke ninkawa kowace shekara. Amma wannan jinkiri ne kawai. Windows XP ta bi wannan hanya a 2014, Windows 7 ta bi ta a 2020, kuma har yanzu akan ci karo da su a wasu ɗakunan kwamfuta, babu mai kula da tsaronsu.

Sharuɗɗan Windows 11

Da a ce kowace na'ura za ta iya hawa Windows 11, da maganar ta zo da sauƙi. Amma tun da aka fitar da ita a watan Oktoba na 2021 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Tana buƙatar RAM gigabait 4 da faifai mai gigabait 64, waɗanda na'urori da yawa ke da su. Tana buƙatar ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ke adana mabuɗan sirri. Sannan ga sharaɗin da ya fi kayar da jama'a: in ban da 'yan ƙalilan, firosesan Intel sai ya kasance na zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ko wanda ya biyo bayansa.

Ɗalibi na iya gane zubin firosesansa daga lambar da ke jikin sunansa. Alal misali, Core i5-3320M na zubi na uku ne, na shekarar 2012, shi ne kuma ake samu a na'urori irin su ThinkPad T430 da HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430, waɗanda suka cika shagunan 'yan tokumbo. Core i5-7200U na zubi na bakwai ne, bai cika sharaɗi ba duk da ƙarfinsa. Core i5-8250U kuwa na takwas ne, ya haye. Wanda na'urarsa ta haye ba shi da wata matsala, sai ya ɗora Windows 11 ta halal ya ci gaba da aikinsa. Amma cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa shara.

Akwai dabarun tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma masu gyara sun san su. Na'urar takan tashi, takan kuma yi aiki. Sai dai akwai dalilai uku da suka sa bai kamata makaranta ta dogara da wannan hanya ba. Na ɗaya, Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori gyara ba. Na biyu, ƙofar na iya rufewa a kowane lokaci: fitowar Windows 11 ta ƙarshen 2024 ta zo da buƙatar wasu umarnin firosesa waɗanda tsofaffi irin su Core 2 Duo ba su da su, kuma babu dabarar da za ta sa ta tashi a kansu. Na uku, manhaja mai nauyi a kan RAM gigabait 4 da tsohon faifai takan cinye ƙarfin na'ura tun kafin ɗalibi ya buɗe komai. Kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki. Mafi muni kuma shi ne kwafin sata da akan ɗora wa mutane a kasuwa, wanda sau da yawa akan kashe masa hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu, mai na'ura kuwa bai san abin da aka cusa a ciki ba.

Hanyar Linux

A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyar wata babbar manhaja, ya kuma saki rubutun ga duk mai son karantawa da gyarawa. Wannan ce Linux. A yau ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android, ita ke tafiyar da dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya tun daga 2017, ita ce kuma ta sarrafa ɗan jirgin nan Ingenuity da ya tashi a duniyar Mirrihi a 2021. Saboda haka ɗalibin da ke ganin bai taɓa amfani da Linux ba, wataƙila tana cikin aljihunsa.

Da yake kowa na da izinin harhaɗa ta, Linux ta kasu iri-iri. Akwai Debian, wadda aka fara a 1993. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sunanta ma kalmar Zulu da Kosa ce mai nufin mutuntaka. Akwai Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, fuskarta kuma ta yi kama da ta Windows har wanda ya saba da waccan ba zai ɓata ba. Fitowa ta 22 ta Linux Mint tana tashi da RAM gigabait 2, ta fi sakewa da 4, tana neman faifai gigabait 20, kuma an yi alkawarin kula da tsaronta har 2029. Ke nan na'urar 2012 da Windows 11 ta ƙi, tana iya samun manhaja ta zamani mai karɓar faci, ba tare da biyan ko kwabo ba, ba kuma tare da satar haƙƙin kowa ba. Ga na'urori masu rauni sosai akwai Lubuntu, da kuma nau'in Mint mai fuskar Xfce, waɗanda aka rage wa ado don su yi sauƙi.

Abin da ɗalibin sakandare ke yi da kwamfuta bai wuce rubutu da lissafin jadawali da binciken intanet da kallon darussan bidiyo da koyon rubuta manhaja ba. LibreOffice, wadda ke zuwa tare da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel tana kuma adana su. Firefox da Chrome duk suna aiki. Harshen Python a shirye yake. Har ma akwai tsarin madannai na Hausa, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wanda ake zaɓa daga saituna.

Hanzarin masu ja

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba a banza suke ba. Na farko sukan ce kasuwar aiki Windows ta sani. Wannan gaskiya ne ga wasu sana'o'i. Mai zanen katin biki da CorelDRAW, ko mai zanen gini da AutoCAD, ko mai aiki da Photoshop, ba zai sami waɗannan manhajoji a Linux ba. Akwai makamantansu kyauta, kamar Inkscape da GIMP, amma wanda abincinsa ya rataya a kan waɗancan gara ya nemi na'urar da ta cika sharaɗin Windows 11. Sai dai makarantar sakandare ba maɓallan kamfani guda take koyarwa ba. Wanda ya fahimci yadda ake tsara sakin layi da jadawali da ma'ajin fayiloli a wata manhaja, kwana biyu sun ishe shi ya saba da wata. Haka nan jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, abin da take nema wurin ɗalibi shi ne sabo da madannai da linzami da karatu a allo, waɗanda duk babbar manhaja ke bayarwa.

Na biyu sukan ce wasu sassan na'ura ba sa aiki. Wannan ma yakan faru, musamman da wasu katunan wayales na kamfanin Broadcom da wasu firintoci, waɗanda sai an nemo musu ƙaramar manhajar da ke tuƙa su. Amma akwai hanyar gano wannan tun kafin a goge komai, kamar yadda bayani zai zo.

Na uku sukan ce idan ta lalace babu mai gyara a kusa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, maganinta kuma yana hannun malamai. Malamin kwamfuta guda da ya ƙware, tare da ƙungiyar ɗalibai goma, sun isa su riƙe ɗakin kwamfuta na makaranta. Ƙarancin masu gyaran ma dama ce ta sana'a ga ɗaliban da suka koya.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a amince da ita. Na'urar da firosesanta mai bit 32 ne kawai, ko wadda RAM ɗinta bai wuce gigabait 1 ba, ta kusa ƙarshen tafiyarta. Ubuntu da Mint sun daɗe da barin bit 32, Debian ma ta bi sahu a fitowarta ta 13 a 2025. Ko an sami manhajar da za ta tashi, shafukan intanet na yanzu sun yi mata nauyi. Irin wannan ta fi dacewa da koyon buga rubutu ba tare da intanet ba, ko kuma a kwance ta a aji ɗalibai su ga kayan cikinta.

A duba jiki kafin a sauya manhaja

Sau da yawa nawar tsohuwar kwamfuta daga faifai take. Tsohon faifai farantai ne masu juyawa, yawanci sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai kai da komo yana neman bayani. Sabon nau'i mai suna SSD ba shi da abin da ke motsi, saboda haka yana nemo bayani cikin ƙiftawar ido, bai kuma cika damuwa da girgizar hanya ba. Sauya faifai zuwa SSD shi ne gyara guda da ya fi kowane tasiri, kuɗinsa kuma kaɗan ne daga kuɗin sabuwar na'ura. Mai bi masa shi ne ƙara RAM zuwa gigabait 8, wanda a na'urorin 2012 aikin kwance noti ɗaya ko biyu ne.

Sai kuma zafi. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da hanyar iska, firosesa kuwa idan ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Share fanka da sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi kan dawo wa na'ura da ƙarfin da aka zaci tsufa ne ya tafi da shi. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Matakan ɗorawa

Mataki na farko, wanda ba a tsallakewa, shi ne a kwafe duk takardu da hotuna zuwa wani faifai na daban, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana aiki, domin ɗora sabuwar manhaja kan shafe abin da ke faifai. Bayan haka a sauko da manhajar daga shafin masu ita na ainihi. Girman Mint ya kusa gigabait 3, amma saukowa ɗaya ta wadatar da makaranta duka. Sai a rubuta ta a filash mai gigabait 8 da wata 'yar manhaja irin su Rufus. A kashe na'ura, a soka filash, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 kuma a HP.

A nan ne Linux ke da wata falala. Tana tashi daga filash ɗin ta yi aiki sosai ba tare da ta taɓa faifan na'ura ba. A wannan zama na gwaji sai a duba wayales da sauti da kyamara da madannai da firinta. Idan wani abu ya ƙi, a zare filash, na'ura ta koma yadda take. Idan komai ya yi, sai a danna alamar ɗorawa. A tabbatar akwai wuta ko cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya sa a sake daga farko. Da an gama, abu na farko shi ne a karɓi duk gyare-gyaren tsaro, tun da dai saboda su aka yi ƙaurar.

Abin da ake ceto

A cewar rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024, duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Wani kaso na sauran yakan ƙare a Afirka ta Yamma, inda matasa ke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙi mai guba, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta birnin Akara kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Bugu da ƙari, mafi yawan makamashin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke ci a rayuwarta wajen ƙera ta yake tafiya, tun daga haƙo ma'adinai har zuwa harhaɗawa. Duk shekarar da aka ƙara wa tsohuwa, an rage buƙatar ƙera sabuwa. Ga iyayen da suka yi tanadin watanni kafin su saya wa ɗansu ta hannu kuwa, lissafin ya fi wannan kusa: ko yaron ya ci gaba da samun na'urar karatu, ko ya rasa.

Kammalawa

Ya kamata kowace makaranta ta ƙidaya kwamfutocinta, ta rubuta zubin firosesa da yawan RAM da irin faifan kowace. Waɗanda suka cika sharaɗi a ɗora musu Windows 11 ta halal. Waɗanda ba su cika ba amma suna da bit 64 da RAM gigabait 4, a sa musu SSD in da hali, a ɗora musu Linux. Waɗanda suka gaza haka a raba su da intanet, a mayar da su kayan koyarwa. Kuma ɗalibai ne ya kamata su yi wannan aiki da hannunsu a ƙarƙashin kulawar malami, tun daga ƙidayar har zuwa ɗorawar. Ɗalibin da ya kwance na'ura ya share fankarta, ya gwada manhaja daga filash, ya gano dalilin da wayales ya ƙi har ya gyara shi, ya koyi kimiyyar kwamfuta fiye da wanda ya haddace ma'anar firosesa don jarrabawa. Filash ɗaya da sukudireba ɗaya da malami mai himma sun isa a fara a wannan zangon karatu.